Saƙo Yana Shigowa, Amma Ba Ya Fita

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, aikin da ya fi yawa a wurinmu, mu masu gyaran kwamfuta, shi ne sauya wa kwamfutoci babbar manhaja. Windows 11 yana da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, RAM aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, kuma a injinan Intel yawanci daga ƙarni na takwas zuwa sama. Injin da ya cika su sai mu ɗora masa. Wanda bai cika ba amma lafiyarsa ƙalau, mukan ba mai shi shawarar Linux Mint ko Ubuntu, wato manyan manhajojin Linux da suke maye gurbin Windows, muddin aikinsa bai rataya a kan wata manhajar da sai a Windows take tashi ba. Ɗorawar kanta ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Inda ake gane gwani shi ne imel.

Kafin mu taɓa komai, sai mun san yadda akwatin saƙon mutum yake haɗe. Hanyoyin haɗawar biyu ne, IMAP da POP. Idan ta IMAP ne, saƙonnin suna can a saba, wato kwamfutar kamfanin imel da take riƙe da su, abin da ke kwamfutar kwafi ne kawai. Idan kuwa ta POP ne, sau da yawa manhajar ta riga ta kwaso su ta goge na sabar, wato wasiƙun shekara da shekaru ba su da wani mazauni sai wannan faifan. A Outlook suna cikin fayil mai ƙarshen .pst. Akwai ɗan'uwansa mai ƙarshen .ost da yake ruɗar mutane: suna kwafe shi suna murna sun yi ajiya, alhali ba a shigar da shi wani sabon Outlook kai tsaye. Abin da muke yi shi ne mu fitar da komai zuwa sabon .pst daga cikin Outlook ɗin tun yana raye, har da lambobin abokan hulɗa da kalanda, mu buɗe fayil ɗin a wani injin daban mu ga ya buɗu. Mai komawa Linux kuma, mukan fara saka manhajar imel ta Thunderbird a tsohon Windows ɗin, ya janyo saƙonnin daga Outlook, sannan mu ɗauke jakar bayanansa ɗungurungum. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, lambar ceto mai alƙaluma 48 sai ta zo hannu tukuna.

A nan ne masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu suke ɓata mana sana'a. Filashi ɗaya a aljihu, kalma ɗaya a baki: fomatin. Su share faifai, su ɗora manhajar da ba ta da lasisi, su karɓi kuɗinsu. Bayan kwana biyu sai a kawo mana injin ana neman rasiɗan bara, kuma an riga an rubuta sabbin abubuwa a kan wurin da suke. Wani lokacin a ceto rabi, wani lokacin ko ɗaya.

To, an ɗora sabuwar manhaja, an saita imel, saƙonni suna ta shigowa, amma wanda aka rubuta ya maƙale a akwatin fita. Kwastoma yakan ce ai kalmar sirrin daidai take tunda ga saƙo yana zuwa. Gaskiyarsa, sai dai karɓa da aikawa hanyoyi biyu ne, kowace da sabarta da lambar ƙofarta. Karɓa tana bi ta 993 a IMAP ko 995 a POP. Aikawa ta SMTP take bi, kuma ƙofofinta biyu ne masu amfani: 587 tare da makullin tsaro na STARTTLS, ko 465 tare da na SSL/TLS. Kuskuren da muka fi gani shi ne haɗa ƙofar wannan da makullin wancan, a sa 465 a zaɓi STARTTLS, manhajar ta yi ta juyi har ta gaji. Sai kuma tsohon saiti mai ƙofa 25, wadda kamfanonin intanet da yawa suka toshe saboda masu watsa saƙonnin banza. Alamarta ita ce saƙo ya fita a kan wata hanyar intanet, ya ƙi a wata.

Idan ƙofa daidai take, sai mu karanta lambar da sabar ta mayar, domin ba ta ƙarya. Lamba 535 tana nufin ba ta yarda da shaidar shigarka ba. Galibi ba kuskuren bugawa ba ne. Google ya daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga irin waɗannan manhajoji a asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane tun 30 ga Mayu, 2022, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com a 16 ga Satumba, 2024. Mafita ita ce a zaɓi OAuth2 a saitin sabar aikawa, taga ta buɗe a shiga kamar yadda ake shiga a burauza. Tsohuwar manhaja ko na'urar sikana da ba ta san wannan ba, a Gmail ana ƙirƙira mata kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, amma sai an kunna tantancewa mai mataki biyu. Sunan shiga kuma cikakken adireshi ne, ba abin da ke gaban @ kaɗai ba. Lamba 550 mai maganar an hana miƙa saƙo, yawanci an manta ne a nuna wa manhajar cewa sabar aikawa ma tana buƙatar shaida, ko kuma adireshin mai aikawa ya saɓa da asusun da aka shiga da shi. Ita 552 sau da yawa nauyi ne. Iyakar Gmail megabait 25 ce, kuma fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku idan aka naɗe shi cikin saƙo, don haka wata sabar takan ƙi fayil ɗin da a ido bai kai iyakarta ba. Saƙo ɗaya mai nauyi yana iya tare duk na bayansa. A cire intanet, a goge shi, layi ya tafi.

Akwai wanda masu gaggawa ba sa ko kallo: agogo. Takardar shaidar tsaro da saba take nuna wa kwamfuta tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, idan kwanan watan kwamfuta ya kauce sai haɗin ya ƙi. Injin da yake mantuwa da kwanan wata duk sanda aka kashe shi, ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allonsa ne ya mutu. Mun sha ganin an sake fomatin injin gaba ɗaya a kan wannan ɗan batirin. Haka ma wasu manhajojin riga-kafin cuta suna tsayawa tsakanin imel da saba don binciken saƙo mai fita. Mukan kashe wannan sashen kaɗai mu gwada.

Kamfanin da ke da adireshin kansa, wato sunansa ne a bayan @, yana da ƙarin mataki. Saƙo zai iya fita lafiya ya faɗa kwandon shara a can, ko a dawo da shi. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta: mai aikawa sai yana da SPF ko DKIM, masu aika da yawa kuma sai duka biyun da DMARC, dukansu hanyoyi ne na tabbatar da cewa saƙo daga mai adireshin ya fito. Wannan gyaran a bayanan DNS na adireshin, wato rajistarsa ta intanet, ake yinsa, ko an kwana ana taɓa kwamfutar ba zai canza komai ba. A kula, rubutun SPF ɗaya tak ake yi wa adireshi. Idan aka sa biyu, dukansu sun lalace.

Ba ma miƙa inji sai mun aika gwaji zuwa Gmail da Outlook.com, ɗaya da fayil a manne, a kan intanet ɗin da mai shi yake aiki da ita. Sai mu buɗe asalin saƙon a ɓangaren mai karɓa mu ga SPF da DKIM sun wuce, mu duba ko kwafi ya sauka a jakar waɗanda aka aika. Cikakken kwafin tsohon faifan kuma yana nan a ajiye a wurinmu har mako biyu, sai mai shi ya ce a goge.