Rayuwar Sam Cooke, kashi na 3: Daga Soul Stirrers zuwa faifan da aka kulle

A makon jiya mun bar Sam yana matashi a Shikago, yana waƙar bishara tare da ƙungiyar Highway QC's. Kafin mu ci gaba sai na fara da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar 12 ga Janairu, 1963, kamfanin RCA ya naɗi wasan da ya yi a Harlem Square Club da ke Miami, sannan ya kulle faifan bai sake shi ba sai 1985. Shekara 22, mai muryar ma ya daɗe a ƙasa. Wai ta yi kaushi, za ta kori Turawan da ke sayen waƙoƙinsa masu laushi. Alhali wannan kaushin shi ne gadon ɗan Fasto Charles Cook.

A ƙarshen 1950 R.H. Harris, jagoran waƙa na ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers, ya bar ta, S.R. Crain, dattijon ƙungiyar, ya ɗauko Sam, ɗan shekara 19, ya gaje shi. Wanda bai san tsarin ƙungiyar ba ba zai gane nauyin wannan kujera ba. A al'ada mutum huɗu ke irin wannan waƙa, amma su sun haura huɗu da gangan, domin in jagora ya fito gaba, muryoyi huɗu su rage suna riƙe amshi ba giɓi. Jagororin kuma biyu ne. Sam zai ɗauko baiti a hankali da zaƙin murya, in coci ta fara ɗumi sai ya miƙa wa Paul Foster mai kakkausar murya ya ƙara wuta, daga nan su riƙa karɓe-karɓe. A ƙasa J.J. Farley na riƙe da babbar murya, shi ne madadin ganga. Naɗin farko da suka yi wa kamfanin Specialty na Art Rupe a Maris 1951, babu kayan kiɗa ko ɗaya.

Haɗarin waƙa ba kiɗa a wurin ɗauko sauti yake. In mai ɗaukowa ya ɗaga shi fiye da kima, babu piyano da zai gyara, jagora zai isa ƙololuwar baiti ya tarar muryarsa ba ta kai ba. Crain ya ba da labarin cewa haka ta faru da Sam wani dare. Maimakon ya tsaga maƙogwaro, sai ya lanƙwasa sautin ya gangaro da shi mataki-mataki. Wannan lanƙwasa ce ta zama tambarinsa, wadda mawaƙa suka yi ta kwaikwayo bayansa. 'Yan mata kuwa suka fara cika kujerun gaba a coci, dattawa na kallo ba su ji daɗi ba.

A Disamba 1956 Bumps Blackwell, mai shirya naɗi a kamfanin Specialty, ya kai shi New Orleans, aka ɗauki waƙar yabon Allah mai suna "Wonderful" aka sauya mata kalmomi ta koma ta soyayya, "Lovable". Aka sa sunan Dale Cook a faifan don kada masu ibada su gane. Wa za a ruɗa? Lanƙwasar nan ta tona asiri tun baitin farko. Mutanen coci da yawa suka juya masa baya, amma mahaifinsa bai hana shi ba. Abin da ya nuna masa shi ne Allah ya ba shi murya don ya faranta wa mutane rai. Fasto ne fa, kuma ya fi RCA fahimtar ɗansa.

A Yuni 1957 Rupe ya shigo ɗakin naɗi ya tarar da Turawa 'yan amshi a bayan Sam, ransa ya ɓaci. Aka rabu, Blackwell ya tafi da Sam da naɗin a madadin kuɗin da yake bi. Kamfanin Keen ya fitar da "You Send Me", kafin shekara ta ƙare ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. A wannan lokacin ne ya ƙara harafin "e" a ƙarshen sunansa. Masu cewa ya manta asalinsa su duba 1959: da shi da J.W. Alexander suka kafa kamfanin SAR, kuma Soul Stirrers suka fara naɗa.

Mu koma Miami, don can hujjar take. A naɗin "Bring It On Home to Me" na 1962, Lou Rawls ne ke masa amshi, tsarin jagora biyu sak. A Harlem Square kuwa jama'ar da ke ɗakin ne 'yan amshi. Kafin ya shiga waƙar sai ya ja dogon zance kamar mai wa'azi, King Curtis mai busa saksofon da makaɗa na sara masa sauti a ƙarshen kowace jimla, yana jinkirta baitin har mata su fara ihu. Abin da ya yi a Shrine Auditorium na Los Angeles a Yuli 1955 ke nan tare da Soul Stirrers, kalmomin kawai suka sauya. Mahaifinsa ya ce a faranta wa mutane rai, ga mutane nan ana jin farin cikinsu a faifai, kamfani ya sa makulli.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je Shreveport, Oktoba 1963, inda otal ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa, 'yan sanda kuma suka kama shi.