Talata, da ludayin Yaya Binta

Kasuwar Kawo da safe, cunkoso sai wanda ya gani. Kabeji ya yi araha, karas ma ba laifi, koren wake ne ya fi ƙarfin aljihu, na dai sayi kashi ɗaya. Na haɗa da tattasai da albasa na wuce Unguwar Rimi, don tun jiya Yaya Binta ke nemana in zo mu yi soyayyen kayan lambun nan da likita ya ce ta riƙa ci ko ta rage jiki.

Ni ke yanka, ita ta ɗora kasko. Ina juyowa sai na ga ta cika ludayi da man gyaɗa ta tuttula. Na ce, "Yaya, wannan mai haka?" Ta ce, "Ke dai kin cika sa ido. Ganye ne fa, ganye yana sa ƙiba ne? Shinkafa ma na daina ci."

Ganyen kam ba ruwansa. In aka auna da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, giram 100 na kabeji kalori 25 ne, karas 41, koren wake 31, albasa 40. Duk abin da na yanka bai wuce rabin kilo ba, kalorinsa wajen 150. Amma cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan 120 ne, tunda kowane giram na mai kalori 9 yake ɗauke da shi. Ludayin nata kuwa zai ci cokali huɗu, in bai fi ba. Wato man kaɗai ya ninka kayan lambun sau uku. Shinkafar da take gudu, giram 100 na dafaffiya 130 ne kacal.

Na lissafa mata tiryan-tiryan. Ta dube ni ta ce, "To malama, mu dafa da ruwa kenan kamar na marar lafiya?" A'a, shi ma ba daidai ba ne. Sinadarin karas da jiki ke mayarwa bitamin A sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai. Cokali ɗaya ya wadatar, wuta da ƙarfi, a juya sama-sama a sauke da sauran ƙarfinsu. Jan tattasai ya fi lemu bitamin C, amma in aka bar shi ya yi luguf a kan wuta, da yawa ya tafi. Tana saurarena tana marmasa dunƙulen magi na uku.

Mun ci, kuma wallahi ya yi daɗi, wannan ba gardama.

A Keke Napep ne raina ya soma ɓaci. Ba man ba ne ma, magin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, mu kuwa ga dunƙule ga gishiri a tukunya ɗaya. Hawan jini ne ya kwantar da Inna, Yaya ce ta yi jinyarta, ta fi kowa sani. Amma ƙanwa ba ta faɗa wa babbar ya magana sau biyu, sai a ce ta yi rashin kunya. Na haɗiye.

Gida ba wuta. Ummi ta ɓatar da littafin lissafi. Babanta ya ce tuwo yake so.

Bayan isha'i Yaya ta turo saƙo, wai za ta zo Asabar mu sake yi, kuma wai ita za ta riƙe ludayin.