Ragowar abincin biki da manhajar da muke ginawa a Kano

Kamfaninmu ƙarami ne, ofis ɗaya a saman bene a titin gidan Zoo, ni da wasu matasa 'yan kaɗan. Abin da muke ci da shi shi ne rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya da bin bashi, yawancinsu masu shaguna a kasuwannin Singa da Kantin Kwari. Cikin masu hulɗa da mu akwai masu ɗakunan taro da mata masu girkin biki, kuma a wurinsu na ga yawan abincin da ke tafiya bola. Daren Asabar, in an tashi daga dina, kulolin shinkafa da kaji da ba a ko buɗe ba ake mayarwa kicin. Ma'aikata su ɗiba, almajiran kusa su samu, saura kuma kafin asuba ya yi tsami. A wannan daren akwai masu jinya a harabar asibitocin garin nan, sun zo daga ƙauye, kuɗinsu ya ƙare a magani, za su kwana da ruwan leda kawai a cikinsu.

Wannan ya sa muka fara gina wata manhaja ta daban, mai haɗa masu ragowar abinci da masu buƙatarsa. Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Denmak an kafa manhajar Too Good To Go tun 2015, tana sayar da ragowar abincin shaguna da araha. Faransa ta yi doka a 2016 da ta hana manyan kantuna zubar da abincin da bai lalace ba. A nan gida ma Oscar Ekponimo ya ƙirƙiri Chowberry, mai haɗa kantuna da ƙungiyoyin agaji kan kayan da wa'adinsu ya kusa cika. Sai dai kayan gwangwani da na leda suna iya jira. Dafaffiyar shinkafa a Kano ba ta jiran kowa.

Shi ya sa tambayar farko da manhajarmu ke yi wa mai bayarwa ita ce: ƙarfe nawa aka sauke tukunya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai dai in yana da zafi sama da digiri 60 ko sanyi ƙasa da digiri 5. To mu nan a watan Maris da Afrilu zafin gari kansa yana kai 40, ga wuta ba tabbas. In lokaci ya cika ba a samu mai ɗauka ba, sanarwar abincin da aka sa a manhajar da kanta take gogewa, ba mai ikon dawo da ita, har ni. Salak mai mayonis ba ma karɓa ko kusa. Burodi da cincin da dubulan muna ba su wa'adi mai tsawo. Wata mai girki ce ta ƙarfafa mini gwiwa kan wannan tsauri, ranar da ta ce, "Ɗana, in yaro ya ci ya kwana yana amai, ba sunan manhajarka za a kira ba, sunana za a kira." Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya."

Masu karɓa kuwa yawancinsu ƙaramar waya ce a hannunsu, wasu ba su karanta boko. Don haka saƙon tes muke turawa, sannan waya ta yi ƙara a ji murya da Hausa: akwai abinci kaza, danna ɗaya in kana so. Adireshi ma a lungunan cikin gari kwatance ne, bayan masallaci, kusa da mai shayi. Muka tsayar da wuraren saukewa sanannu: tsangayu, gidajen marayu, ƙofar asibiti, sai gidan wata dattijuwa a kowace unguwa wadda mai unguwa da liman suka amince da ita.

Sufuri ne ke cin kuɗi. Tun 2013 aka hana acaɓa a birnin nan, 'yan Adaidaita Sahu ne abokan aikinmu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ka da fuskar cewa direba ya je Hotoro ya dawo Kurna don Allah kawai. Ɗakunan taro suna biyan ɗan wani abu duk wata, daga ciki ake sallamar direbobi. Mu ba mu taɓa kuɗin, aikin shaguna ne ke riƙe ofis.

Inda muka fi samun saɓani da wasu masu bayarwa shi ne hoto. Suna so su ga fuskar wanda ya ci. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Manhajar tana nuna hoton kula da adadin kwanon da aka raba, shi ke nan. Akwai matar da mijinta ya rasu, da marayu a gabanta, da za ta gwammace ta kwana da yunwa da a ga hotonta a Facebook tana miƙa kwano. Don irinta ne muka sa dattijuwar unguwa a tsakani, a aika mata bayan isha'i ba wanda ya sani.

Yanzu hankalinmu yana kan kasuwannin 'Yan Kaba da 'Yan Lemo. Lokacin kakar tumatir, kwanduna ke ruɓewa don ba mai saye. Wannan ba ya buƙatar gaggawar dare, yana buƙatar hannu. Muna tattaunawa da wasu dillalai da matan da suka iya yanka tumatir su shanya shi ya zama kauɗa, su riƙe kaso nasu, saura ya tafi tsangayu kafin damina.