Kada bushewar hanci ta raba ku da na'urar CPAP

Ƙannena, yanzu har masu shekara talatin da 'yan kai ana ɗora su kan na'urar CPAP saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci. Ciwon ya wuce minshari: maƙogwaro ne ke rufewa, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, kuma ga wanda abin ya yi wa tsanani yakan faru sau 30 ko sama da haka a awa ɗaya. Na'urar, wadda Dokta Colin Sullivan na Ostireliya ya fara bayyanawa a 1981, iska take turawa ta tiyo da takunkumi don hanyar ta zauna a buɗe. Tana aiki ƙwarai. Abin da ba a cika faɗa wa mutumin Katsina ba shi ne yadda take haɗuwa da hunturu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kun san halin iskarmu: leɓe ya tsage, kaushi ya fito, wanki ya bushe kafin a juya. Wannan iskar ce na'urar ke zuƙa ta cusa maka a hanci dare guda cur. Ni haka na riƙa tashi da asuba hanci na raɗaɗi, in na shaƙa ruwan alwala sai in ga jini. Kuma ni na jawo wa kaina, don na kashe abin ɗumama ruwan da ke jikin na'urar saboda yana shan batirin infata idan an ɗauke wuta. Wannan ɗan tankin shi ke sa wa iskar danshi. Ku zuba masa ruwa kowane dare, ku riƙa ƙara lambar ɗumin ɗaya bayan ɗaya har ku ji daidai. In batiri ne matsala, gara a kashe talabijin da wasu ƙwayayen wuta da a kashe shi. Idan sanyin asuba ya sa ruwa ya taru a tiyon yana ƙara, a naɗe tiyon da tsumma mai kauri, a ajiye na'urar ƙasa da tsayin kanka.

Ruwan ma akwai magana. Tataccen ruwa na kemis, wanda ake kira distilled water, ake so. Ruwan burtsatse yana barin farin gishiri a tankin, tafasawa kuma ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire gishirin. Ku guji ruwan batir na wajen makanikai, don akwai mai asid a ciki.

Kuskuren da ya fi ba ni wahala shi ne magani. Da hancin ya toshe, sai na sayi feshin buɗe hanci, irin mai xylometazoline. Daren farko kamar an yi mini gafara. Amma irin wannan feshi ba a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, in aka zarce sai hancin ya ƙara kumbura, ya zama ba ya buɗewa sai da shi. Na haɗa da shafa man zafi da basilin a cikin hanci, kamar yadda muka taso muka ga ana yi. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya hana ni: maiƙo yana iya gangarawa huhu a hankali ya haddasa kumburi, kuma yana lalata robar takunkumin. Feshin ruwan gishiri na kemis ya ce in riƙa yi kafin kwanciya da bayan tashi, ko man hanci da aka haɗa da ruwa, marar maiƙo.

Shi ne kuma ya tambayi uwargida ko bakina a buɗe nake barci. Ta ce a hangame ma. Ashe nan gizo ke saƙar. Idan baki ya buɗe, iskar ta hanci take shiga ta fice ta baki, ba ta dawowa ta hancin da ɗumi da danshin numfashi, sai ya bushe ya toshe, toshewar kuma ta ƙara sa ka buɗe baki. Alamarsa tashi da busasshen maƙoshi, harshe na manne wa ganɗa. Maganinsa maɗaurin haɓa, ko takunkumin da ke rufe hanci da baki tare. Ƙarfin iskar kuwa, wanda ake saitawa a jikin na'urar tsakanin lamba 4 da 20, kada ka taɓa da kanka, aikin likita ne.

Ku duba filtar bayan na'urar kowane mako a lokacin ƙura, in ta yi ja a sauya. Tankin a zubar da ragowar ruwansa da safe a shanya.

Da abin ya ishe ni na tura na'urar ƙarƙashin gado. Hancin ya warke, amma ciwon kan safe ya dawo, hawan jinina ya tashi, har gyangyaɗi ya fizge ni ina tuƙi a hanyar Daura, Allah ne ya kiyaye. Don haka duk wanda haɓo ya yawaita masa, ko toshewar ta ƙi sauka bayan ya gyara waɗannan, ya ɗauki na'urar da takunkuminta ya kai wa likitansa su duba tare.