Ɗan Lifta da Takarin Birnin Kudus

A 2019 na yi wata uku a Amman, babban birnin Jodan, wajen wani kwas na malaman Larabci. Duk abin da aka koya mana a aji yana nan cikin littattafan da na jibge a saman kwaba, ƙura ta rufe su. Abin da ya zauna mini a rai hira ce da wani direban tasi, wadda ba ta wuce minti arba'in ba.

Ya ɗauke ni daga tsakiyar gari da yamma, mutum ne mai furfura a gefen kai, zai yi shekara hamsin. Da ya ji Larabcina na makaranta sai ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, daga Sudan?" Na ce Najeriya. Ni ma na mayar masa da tambaya, don Bahaushe ba ya barin bashin gaisuwa: "Kai fa, ɗan nan garin ne?"

Ya ce, "Ni ɗan Lifta ne."

Na ɗauka wata unguwa ce a Amman. Ashe ƙauye ne a bakin Birnin Kudus ta yamma, wanda mutanensa suka watse a farkon 1948. Gidajen dutsen suna nan a gefen tudu har yau, ba kowa a ciki. Shi kuwa direban a sansanin 'yan gudun hijira na Baka'a aka haife shi, arewa da Amman, bai taɓa sa ƙafa a Lifta ba. Amma ya lissafa mini idon ruwan garin, da inda masallaci yake, da gefen da gonar kakansa take, kai ka ce jiya ya baro. Ya ce makullin gidan yana wajen babban wansa, an naɗe shi a ƙyalle tare da takardar fili. Na ce, "To ƙofar fa, tana nan?" Ya ɗaga kafaɗa. "Ƙofa dai an cire ta tuni. Makullin ne namu."

Na taso ina jin sunan Falasɗinu a rediyo, tsakanin labarin tashin bam da na taron sulhu. A kaina ƙasa ce ta Masallacin Kudus da jana'iza, shi ke nan. Ban taɓa tunanin cewa akwai mai gonar zaitun, da mai saƙa, da maƙwabcin da ake rigimar iyakar gona da shi ba. Bayan wannan hira ne na koma na karanta, na kuma ji kunyar kaina.

Shekara ɗari huɗu ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba, daga 1516 zuwa lokacin da sojojin Birtaniya suka shiga Kudus a watan Disamba 1917. Wata guda kafin nan, ranar 2 ga Nuwamba, sakataren harkokin wajen Birtaniya Arthur Balfour ya rubuta wasiƙar da ta yi wa Yahudawa alƙawarin gida a Falasɗinu. Wasiƙar ba ta ko kira mutanen ƙasar da sunansu ba, "waɗanda ba Yahudawa ba" kawai ta ce da su. Alhali ƙidayar da Turawan da kansu suka yi a 1922 ta nuna Yahudawa kusan kashi 11 cikin ɗari ne. Wanda ya san yadda aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba tare da an tambayi kowa ba, ba zai yi mamakin hannun ba. Hannu ɗaya ne, shekara uku tsakani.

Akwai masu cewa wai babu wata al'umma mai suna Falasɗinawa, ƙirƙiro ta aka yi daga baya don a yaƙi Isra'ila. Golda Meir ta faɗi irin wannan magana a 1969 tana firaministar Isra'ila. Ni dai wannan hujja ba ta shiga kunnena. Tun zamanin Umayyawa akwai lardin da ake kira Jund Filastin, hedikwatarsa Ramla. A 1911 kuma wasu 'yan'uwa Kiristoci biyu, Isa al-Isa da Yusuf al-Isa, suka kafa jarida a Yafa suka sa mata suna Filastin, shekara 37 kafin a kafa Isra'ila. Gaskiya ne kishin ƙasa irin na zamani, mai tuta da taken ƙasa, sabon abu ne a wajensu. To a wajen wa ne ba sabo ba? Kakana ya rasu yana kiran kansa Bahaɗeje, kalmar "ɗan Najeriya" ba ta taɓa zama a bakinsa ba, kuma ba wanda ya isa ya ce don haka jikokinsa ba su da ƙasa.

Ku lura da na ce Kiristoci. Mu a nan mun saba ɗaukar maganar Falasɗinu ta Musulmi zalla, kuma ba a raba ta da alƙibla ta farko. Amma mutanen Baitalami da Nazarat da suke zuwa coci ranar Lahadi Falasɗinawa ne, su ma an kore su daga gidajensu a Yafa da Haifa, su ma suna da makullai.

Ƙyallen nan mai zanen baƙi da fari da matasanmu suke ratayawa a wuya lokacin hunturu, kufiyya, asalinsa na manoma ne. Mutanen birni jar dara suke sawa. A boren 1936 zuwa 1939, wanda ya fara da yajin aikin wata shida, mayaƙan ƙauye suna rufe fuska da ita, sai sojan Birtaniya ya riƙa kama duk wanda ya gani da ita a gari. A 1938 shugabannin boren suka ce kowa ya ajiye dara ya naɗa kufiyya, alƙali da ɗan kasuwa da leburan tashar jirgin ruwa. Wa za ka kama ke nan? Tun kafin Yasir Arafat ya sa duniya ta san ta, ta riga ta zama tuta.

Sauran labarin an fi saninsa. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da raba ƙasar, ta ba Yahudawa fiye da rabi alhali su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Larabawa suka ƙi, yaƙi ya ɓarke, aka yi wa mutanen ƙauyen Deir Yasin kisan gilla ranar 9 ga Afrilu 1948, aka ayyana Isra'ila ranar 14 ga Mayu. Mutum sama da 700,000 suka gudu ko aka kore su, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Wannan suke kira Nakba, wato masifa. Yahudawan da suka zo daga Turai su ma daga bakin mutuwa suka fito, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ba manomin Lifta ne ya gina sansanonin Hitila ba.

Mu koma cikin tasi, don ban gama da direbana ba. Muna tsaye a cunkoso sai ya ce, "Alhaji, ai kuna da 'yan'uwa a Kudus." Na zaci zolaya ce. Ya ce wallahi, a bakin ƙofar Al-Aksa, Takarna ake ce musu.

Gabana ya faɗi. Takari! Sunan da ake kiran mutanenmu da shi a Saudiyya da Sudan ke nan. Ƙanin kakana ya bar gida da ƙafa zuwa aikin hajji tun zamanin Turawa, ta Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Darfur, bai dawo ba. A gidanmu in an ambace shi cewa ake "ya yi gabas", a yi masa addu'a a wuce. Kusan kowane tsohon gida a ƙasar Hausa da Barno yana da irin wannan mutumin.

Maganar direban gaskiya ce. A tsohon birnin Kudus, daf da ƙofar da ake kira Babul Majlis, akwai gine-gine biyu masu kallon juna tun zamanin Mamalik, sarakunan Masar na da, Ribat Ala'uddin al-Basir da Ribat al-Mansuri. Masaukin masu ziyara ne tun ƙarni na 13, Turkawa suka mayar da su kurkuku, daga baya aka zaunar da 'yan Afirka a ciki. Yawancinsu alhazai ne daga Najeriya da Cadi da Sudan da Sanagal, waɗanda suka gama hajji suka ce bari su ƙarasa masallaci na uku, sai zama ya kama su. Wasu sun yi gadin masallacin, wasu sun shiga yaƙin 1948. Suka auri matan gari, suka haifi 'ya'ya masu Larabcin Kudus.

Cikin 'ya'yan nan akwai Fatima Barnawi, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, sunan ma ya nuna inda aka fito. A Oktoba 1967 ta ajiye bam a wani gidan silima a Kudus, bai tashi ba, aka kama ta aka yanke mata ɗaurin rai da rai, ta yi shekara goma aka sake ta. Ba ina yabon sa bam a wurin da fararen hula suke ba, ba zan taɓa yaba shi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda Falasɗinawa suke lissafa ta a sahun farko na matansu da aka ɗaure, ta kuma shugabanci 'yan sanda mata a Gaza, daga baya ta rasu a Alƙahira a 2022. Baƙar mace, jinin Barno, kuma ba a ce da ita baƙuwa ba. Ba na cewa babu wariyar launi a can, akwai ta, har unguwar tasu wasu suna kiranta da sunan da ba zan maimaita ba. Duk da haka ɗan Lifta da bai taɓa ganin Lifta ba, da 'yar Barno da aka haifa a Kudus, abu ɗaya suke kiran kansu.

Da muka iso masauki na miƙa masa kuɗi, ya ƙi, na nace, ya ƙi, sai da na rantse sannan ya karɓi rabi. Ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in Allah ya kai ka Kudus kafin ni, ka sauka Lifta ka sha ruwan idon nan, ka ce ɗan gidan da ke sama da masallaci yana gaishe su."

Har yau ban je ba. Amma a daren na kira gwaggona a Haɗeja, na tashe ta daga barci, na ce ta faɗa mini cikakken sunan wanda ya yi gabas, da shekarar da ya tafi. Ta ce shekarar fara ce. Na rubuta a bayan tikitin jirgina.