Idan gwajin hanta na B da C bai nuna komai ba, amma shawara ta ƙi tafiya

Akwai ciwon hanta da babu wata ƙwayar cuta da ke kawo shi, wanda likitoci ke kira autoimmune hepatitis a Turance. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa hantarsa, ta riƙa cinta a hankali har tabo ya mamaye ta. Wani likita ɗan Suwidin, Jan Waldenström, ya yi bayaninsa a 1950 a jikin 'yan mata, kuma har yau kusan uku cikin huɗu na masu fama da shi mata ne. Ba ya yaɗuwa, ko ta kwanon abinci ko ta shimfiɗar aure.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake makara. Mace za ta zo da kasala, ciwon gaɓoɓi, al'ada ta ɗauke, ido ya yi rawaya, fitsari kamar ruwan shayi. A gwada B da C, a ga babu, a ce ta koma gida. A gida kuma sai jiƙo da sassaƙe, alhali wasunsu ƙara wa hantar nauyi suke yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar, hantarsu ta riga ta motse da tabo ranar da aka gano ciwon.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, tattara shaidu ake yi. Da farko a duba ALT da AST, sinadaran da ke malala cikin jini idan ƙwayoyin hanta na fashewa. Idan sun hau, sai a nemi IgG, wani sinadarin garkuwa da ke cikin jini, da kuma ANA da SMA, alamomin da ke nuna garkuwa na yaƙar jikin mai ita, a yara a ƙara da irinsu mai suna LKM1. Ma'aunin da ƙwararru suka fitar a 2008 yana ba da maki har bibiyu a gida huɗu: waɗannan alamomin garkuwa, hawan IgG, abin da aka gani a tsokar hanta, da rashin ƙwayar cutar hanta. Maki 6 zato ne mai ƙarfi, 7 tabbaci. Idan kuwa ALP, wani sinadarin da ake aunawa a gwajin hanta, shi ne ya fi hawa, ga ƙaiƙayi mai hana barci, hankalin likita zai koma kan hanyoyin ruwan matsarmama, ya nemi gwajin AMA, wata alamar garkuwar daban, don wannan wani ciwon ne mai magani daban.

Ranar ganin likita a zuba duk abin da ake sha a leda a tafi da shi, har da na gargajiya da na ƙara ƙiba. Maganin ciwon mafitsara nitrofurantoin da na hawan jini methyldopa suna iya jawo ciwon da ya yi kama da wannan sak, wanda sau da yawa barin maganin ke kawo ƙarshensa.

Ɗaukar tsokar hanta ita ce mutane ke gudu, kuma ita ce ke raba gardama. Sai an duba daskarewar jini tukuna, a kashe zafin wurin, a saka siririyar allura tsakanin haƙarƙarin dama, a ciro ɗan zare da bai kai tsawon ashana ba. Bayan nan mutum ya kwanta ta gefen dama na wasu awoyi ana lura da shi. Hoton ciki ba ya maye gurbin wannan. Aikin na likitan hanta ne, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Kada a sayi prednisolone, maganin danne garkuwa da ake ba masu wannan ciwon, a kemis a fara sha kafin a kai nan, domin yana dusashe alamomin da ake nema.

Kafin magani dole a tabbatar da matsayin ciwon hanta na B, har da gwajin da ke nuna an taɓa kamuwa a baya, a kuma duba tarin fuka. Dukansu suna da yawa a ƙasar Hausa, kuma danne garkuwa na iya tayar da su daga barci.

Ana farawa da prednisolone, rabin miligiram zuwa miligiram 1 a kowane kilo na nauyin jiki, da safe bayan an karya. Mai kilo 60 ke nan zai sha tsakanin 30 da 60 a rana, a riƙa ragewa mako-mako gwargwadon sakamakon jini. Bayan kamar mako biyu, idan shawarar ta fara sauka, a shigo da wani maganin danne garkuwar, azathioprine, miligiram 50, a ɗaga shi a hankali zuwa 1 ko 2 a kowane kilo. Shi ne zai riƙe ciwon na dogon lokaci, a samu damar sauke na farkon. Burin shi ne ALT, AST da IgG su dawo daidai cikin wata shida.

Kowanne da nasa kuɗin fito. Prednisolone na kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ake haɗawa da kalsiyam da bitamin D. Azathioprine na iya danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su ragu, don haka a makonnin farko ana gwada jini akai-akai. Zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro a wannan lokacin ba na jira ba ne. Haɗa shi da allopurinol, maganin da ake ba masu ciwon gaɓoɓi na gawut, yana da haɗari ƙwarai. Mai ciki na iya ci gaba da azathioprine a ƙarƙashin kulawa, amma mycophenolate, da ake komawa gare shi idan azathioprine bai karɓi mutum ba, yana illata ɗan tayi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wata na uku ko na huɗu. Ido ya washe, abinci ya shiga, fuska ta cika har ana tambaya, sai a ajiye magani. Tsayar da prednisolone farat ɗaya na iya faɗar da hawan jini har a suma, saboda jiki ya rage yin nasa sinadarin mai irin aikin wannan maganin. Ba a ma fara maganar janye magani sai gwaje-gwaje sun yi aƙalla shekara biyu daidai, kuma ko a hakan ciwon na dawowa ga fiye da rabin waɗanda suka daina, yawanci cikin shekarar farko, sau da yawa ba tare da wata alamar da ido zai gani ba. Saboda haka wanda aka janye wa magani zai ci gaba da zuwa gwajin jini, kusa-kusa a shekarar farko, sannan lokaci-lokaci har iya rayuwa.