Azumi da allurar barci: abin da aikin ɗakin tiyata ya koya mana

Duk shekara idan Ramadan ya kama, tambayar da marasa lafiya ke yi wa ma'aikatan tiyata a Kaduna kusan ɗaya ce: "Likita, allurar barcin nan tana karya azumi?" Ita kanta allurar ba ta karyawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1997, ta lissafa allurar fata da ta tsoka da ta jijiya, da iskar oksijin, da iskar sa barci cikin abubuwan da ba sa karya azumi, da sharaɗin ba a yi wa mutum ƙarin ruwa mai gina jiki ba. Wannan sharaɗin shi ne inda gizo ke saƙar, tare da tsawon lokacin da hankali ya gushe.

Sai an fara rarrabe allurar. Wadda ake yi don kashe zafin wuri ɗaya, kamar ta cire haƙori ko ta aikin yanar ido da ake yawan yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando, hankalin mutum yana nan, azuminsa yana nan, sai dai ya kiyaye haɗiye jini ko ruwan kurkure baki. Allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu na kamar awa 2 zuwa 3, ita ma ba ta taɓa hankali. Ta uku ce ake kira allurar barci ta gaske: a zuba magani irin su propofol ko ketamine ta jijiya, a ci gaba da riƙe mutum da iska, ba ya ji ba ya gani. Ita malamai suka ƙiyasta da suma.

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka karanta a zaure, hukuncin suma yana da awo. Risala ta ce wanda ya suma da dare bai farfaɗo ba sai bayan alfijir ya keto, zai rama. Muhtasar Halil ya ƙara fayyacewa: wanda ya suma yini cur, ko mafi yawan yinin, zai rama, wanda alfijir ya same shi a sume, ko da ya farfaɗo da hantsi, zai rama, amma wanda alfijir ya same shi da hankalinsa, sannan ya suma rabin yini ko ƙasa da haka, azuminsa ya inganta. Yinin azumi a Kaduna awa 13 ne da 'yan kai, rabinsa wajen awa 6 da rabi ke nan. Aikin ƙaba ko na afendis da aka fara ƙarfe 9 na safe, mutum ya dawo hayyacinsa kafin azahar, bai kai nan ba. Aikin gaggawa na ƙarfe 4 na dare kuwa, ko na awa 2 ne, in ya ratsa alfijir, yinin ya tafi. Shafi'iyya da Hambaliyya sun fi sauƙaƙawa: in an kwana da niyya, farfaɗowa ko ta ɗan lokaci cikin yinin ta wadatar.

A aikace, da wuya a kai ga wannan lissafin, saboda ba a sa mutum barci sai an ɗaura masa ruwa. Mafi yawan magungunan barci suna saukar da bugun jini, allurar baya ta ma fi saukar da shi, shi ya sa akan zuba leda 1 ko 2 ta rabin lita. In ruwan mai siga ne, na kashi 5 cikin 100, kowace leda tana ɗauke da giram 25 na siga. Wannan abinci ne, azumi ya karye a wurin mafi yawan malaman zamani. Ruwan gishiri zalla an yi saɓani a kansa, wasu sun ce magani ne kawai, wasu sun ce ya tsaya matsayin sha. Mu dai da muke ganin yadda leɓen da ya bushe yake jiƙa bayan leda 2, mun fi natsuwa da a rama. Saboda haka mara lafiya ko mai jinyarsa ya tambayi abu biyu kafin a sallame su: ƙarfe nawa aka sa shi barci ya kuma farka, kuma wane irin ruwa aka ɗaura. Duk suna rubuce a fayil. Da su zai je wurin malami, ya samu fatawa a kan abin da ya faru da gaske.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sahur. Ƙa'ida ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, awa 8 in mai maiƙo ne, ruwa zalla kuma awa 2. Mutum ya ci tuwo da miyar kuka da man shanu ƙarfe 5 na asuba, a tambaye shi ƙarfe 8, ya ce, "Ai azumi nake, ban ci komai ba." Gaskiya ya faɗa a fahimtarsa, amma cikinsa cike yake. Da zarar barci ya ɗauke shi, tari da haɗiyar da ke tsare maƙogwaro sun tsaya, abincin zai iya tasowa ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. Shi ya sa muka daina tambayar "Ka ci abinci?", muka koma "Baba, ka yi sahur? Ƙarfe nawa, me ka ci?" Wanda kuma ya ƙi sahur ya ɗauki azumi a haka, musamman mai ciwon siga ko dattijo a zafin Maris, yakan iso jiki a bushe, jijiya ta ɓuya, jini ya faɗi da allurar farko.

Aikin da zai iya jira, a nemi likita ya ɗaga shi zuwa bayan Sallah. Wanda ba zai jira ba, Suratul Baƙara aya ta 185 ta riga ta ba mara lafiya damar ya sha ya rama, babu kaffara. Matar da aka yi wa aikin haihuwa ba ta ma cikin wannan lissafi, jinin biƙi ya ɗauke mata azumin. Aman da yakan biyo bayan farfaɗowa, tunda rinjaye ya yi, ba ya karyawa in ba a mayar da shi da gangan ba.

Abu biyu ake yawan mantawa bayan an koma gida. A Malikiyya niyya ɗaya tana isar wa wata duka, amma in rashin lafiya ya yanke jerin, sai an sabunta ta daren da za a ci gaba. Sallolin da suka wuce cikin barcin kuma, malamai da dama na wannan zamani sun ce a rama su, domin da yardar mutum aka gusar da hankalinsa, ba kamar sumar da ta zo masa kwatsam ba.